Babbar Rigar Abban Fati

Shafi na 17

Masu cika mini waya da saƙo wai na cika taurin kai, na gani. Masu cewa da su ne da tuni sun tattara sun koma gidan ubansu, ku ma na gani. Ku karanta na yau tukuna kafin ku yanke mini hukunci.

*

Tun da aka fito daga sallar azahar nake kai da kawowa tsakanin ɗaki da zaure.

Da hantsi aka ɗaura auren ɗiyar Kawu Ɗanmaraya a Gangara, kuma Gangara ba wata tafiya ba ce daga Jibiya. Mutanen layinmu da suka je duk sun dawo. Ina jin baburansu ɗaya bayan ɗaya, kowa ya zo ya kashe a ƙofar gidansa. Na mijina ne kawai ban ji ba. Na kira wayarsa, ta yi ta ƙara har ta gaji ta tsinke.

Akwatina yana bayan ƙofa, tun safe na haɗa shi. Alkawari na yi wa kaina: in Abdulbaƙi ya shigo gidan nan da babbar rigar da na ɗinka masa a jikinsa, na yafe duk abin da ya wuce. In ya shigo babu ita, ni da 'yata Fati a Katsina za mu kwana, gidan babana.

Kada ku ce ai riga ce kawai.

Shekara uku ina neman abu ɗaya tak da zan ba mutumin nan ya riƙe. Agogon da na saya masa da albashina na farko na koyarwa, a hannun wani direban babbar mota na gan shi a Magama, yana shirin tsallakawa Maraɗi. Takalmin fata da na sa aka yi masa daidai ƙafarsa, ko sau ɗaya bai taka ƙasa da shi ba. Da na tambaya sai ya ce wani baƙo ne ya yaba. Turare ko murfinsa bai buɗe ba. Babbar waya ta ɗan kwana a kwalinta ta ɓace, ya ci gaba da yawo da 'yar ƙaramarsa da aka ɗaure da roba.

Kullum maganar ɗaya ce: "Allah ya yi albarka, Ummu. Na gode." Zai karɓa da hannu biyu, ya yi murmushi, shi ke nan kin gama ganin abin.

Kuma ba wai babu ba ne. Ni ke gidan, na san abin da ke shiga tukunyata. Mutumin da ake loda wa gero da wake mota-mota, amma ya fita da koɗaɗɗen kaftani da silifas, ya hau wani jan babur da sai an tura yake tashi. Ranar bikin ƙawata ta jami'a ya kai ni har ƙofar wurin taro a Katsina. Wata ta leƙo ta ce, "Ummu Salma, sallami ɗan acaɓan mana ki shigo." Na taya su dariya. Na shiga banɗaki na yi kukana, na wanke fuska, na fito na yi rawa har aka tashi. Ba wanda ya ga hawayena, kuma ba wanda zai gani.

To wannan karon na zauna na yi tunani. Akwai abu ɗaya da ɗan Jibiya ba zai iya ba: mayar wa kawunsa da kyauta a gaban mutane. Na yanki shadda ruwan bula, na kai wa Zunnuraini tela a bakin kasuwa, ya zuba mata aiki da zare ruwan azurfa tun daga wuya har aljihu. Ranar kasuwa na tare Kawu, na durƙusa na miƙa masa, na gaya masa damuwata. Tsohon ya ji daɗi ƙwarai. Ya ce shi ma ya gaji da ganin ɗan ƙanwarsa kamar mai gadin rumfa.

Yau da safe Kawu ya shigo gari ɗaukar goro da alawa. Ya tarar da Abdulbaƙi a majalisar ƙofar gida, ya warware rigar, ya zura masa da hannunsa a kan tsohon kaftanin, ya kafa masa hula. Ina leƙe ta tagar zaure. Kawu ya ɗaga murya yadda har mai shayin tsallaken titi sai da ya juyo.

"Matarka ta yi maka. In ka tuɓe ta kahin a shahwa fatiha, ni ka tuɓe."

Majalisa ta kaure da "Ango! Ango!" Shi bai yi dariya ba. Ya juyo ya kalli tagar da nake, kallo ɗaya. Na ɗauka haushi ne. Na ce a raina, ka ji haushin, amma dai ka sa.

Sallamar Yaya Bilki ce ta dawo da ni daga tunani. Yayar Abdulbaƙi ce ciki ɗaya, ita ta riƙe shi bayan rasuwar mahaifiyarsu. Ta zo ne mu haɗa gudummawar da za mu kai gidan biki gobe.

"Amarya, lahiya kike tsaye cikin rana kamar wadda anka kora?"

"Abban Fati nake jira, Yaya."

"Bai dawo ba? Ai tun ɗazu anka watse."

Ta zauna a kan tabarma ta fara kwance ƙullin kwanukan da ta zo da su.

"Ni yau na ji abin dariya. Na biya wurin Zunnuraini karɓar ɗinkin yara, wai yake ce mani rigar Abdulbaƙi ta hi ta kowa a garin nan. Na ce wane Abdulbaƙin? Ya ce namu. Wai tun wancan makon take rataye bakin shago, duk wanda ya wuce sai ya taɓa ya tambayi mai ita. Na ce kai dai Zunnuraini, allura a hannu, ƙarya a baki."

"Ba ƙarya ya yi ba, Yaya." Na gyara ɗaurin ɗankwalina. "Ni na bayar aka ɗinka."

Hannunta ya tsaya a kan ƙullin.

"Ke?"

"Ni."

"Ya gan ta?"

"Ya sa ta ma. Kawu ne ya sa masa a gaban majalisa."

"Ya tahi Gangara da ita?"

"Da ita da hularta."

Murfin kwanon da ke hannunta ya suɓuce, ya yi ta juyi a kan siminti yana ƙara. Ba ta ko kalle shi ba.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ummu, kin kashe mani ƙane."

Na sunkuya na ɗauke murfin.

"Haba Yaya. Riga fa na ɗinka, ba likkafani ba."

"Ruhe mani baki! Kira shi!"

"Na kira, ba ya ɗauka."

"Sake kira!"

Na sake. Ta yi ta ƙara. Yaya Bilki ta miƙe, ta nufi zaure, ta dawo, ta sake komawa. Mayafinta ya zame ƙasa ba ta sani ba. Matar da ko a gidan rasuwa ita ke tsawata wa masu kuka, yau ga leɓenta yana rawa.

"Yaya, gidan nan kowa da abin da yake ɓoye mini. Ana kallona kamar wata mahaukaciya mai son a gani. In da magana a faɗa mini, ni ba yarinya ba ce."

"Ba daga bakina ba. Ya sa na yi rantsuwa."

"Rantsuwa a kan me?"

Kafin ta amsa muka ji tsayuwar mota a waje, irin akori-kurar da ke ɗauko buhuna daga ƙauye. Aka buga ƙofa. Sai ga Abdulbaƙi.

Tsohon kaftanin ne a jikinsa, gumi ya jiƙe shi har ƙirji. Kansa babu hula.

Yaya Bilki ta zube a ƙasa tana hamdala. Ni kuwa idona yana kan kafaɗarsa, inda aikin azurfar nan ya kwanta da safe.

Ko sallama bai yi ba. Ya miƙo mini hannu.

"Ummu, ba ni wayarki."

"Ina rigar?"

"Ba ni wayar tukuna."

Na mayar da hannuna baya.

"Ina rigar, Abban Fati?"

"Tana wurin Kalilu."

Kalilu ɗan Kawu Ɗanmaraya ne, taubashin mijina, yana zaune a Maraɗi yana fataucin awaki. Tsayinsu ɗaya da Abdulbaƙi, in sun juya baya sai ka kira wannan wancan ya amsa. Duk ranar da ya zo gidan nan tun daga zaure yake ihu, "Ina matata 'yar lakwal?" Lakwal wai makaranta ke nan a bakinsu na can. Ban taɓa amsa masa ba, ba na wannan wasan. Al'adar taubasai kuwa kun san ta: in ya ga sabon abu a jikinka ya cire, ba ka da ikon fushi.

"Ana shahwa fatiha ya zo ta bayana ya zare ta, ya ɗauke hular," in ji Abdulbaƙi. "Mutane na ta dariya. Taubashi ne, mi zan ce?"

"Ka ce matarka ce ta yi maka! Ka fanshe ta! Ai ana fansa, ko ni baƙuwa na san wannan. Goro kaɗai za ka ba Kalilu ya sakar maka."

Ya kau da kai.

"Ba ka ma gwada ba."

"Ban gwada ba."

"Me ya sa?"

Ya kalle ni cikin ido.

"Don wallahi daɗi na ji da ta bar jikina."

Da mari ya yi mini da ya fi sauƙi. Na juya na shiga ɗaki na jawo akwatin, tayarsa tana ƙara a kan siminti. Na tsaya a gabansa.

"To madalla. Yau na ji da kunnena. Na bar garinmu na biyo ka bakin iyaka. Na shanye dariyar ƙawayena. Mamata ta tambaye ni ko kana cikin wani hali, na ce mata lafiya lau, kai dai mai sauƙin kai ne. Na hana kaina zane, na hana kaina takalmi, don kawai in ga mijina ya fita kamar mazan mutane. Ban taɓa roƙonka komai ba, Abban Fati. Ba ka nake yi. Shi ma ɗin ka ƙi. In hannuna ne ba ka so, ka faɗa, in ɗauke shi daga gidanka."

"Ummu, in tahiya za ki yi, ni zan kai ki tasha da kaina. Amma don girman Allah ba ni wayar nan."

"Ina taka?"

"Tana aljihun rigar. Da makullin babur. Na ja shi gehe na ce ya naɗe ta ya sa a buhu, kada ya yi yawo da ita. Ya ce to. Na shiga cikin gida gaida tsohwahhi, ina hitowa anka ce mani ya hau babur ɗina da rigar a jikinai, ya tahi Mazanya kai goron ɗaurin aure."

"To sai me? Ya je ya yi ado da gumina."

Yaya Bilki ta taso ta tsaya tsakaninmu.

"Gaya mata, Abdulbaƙi. In ba ka gaya mata ba, zan karya rantsuwar in yi kaffara."

"Yaya..."

"Gaya mata! Ɓoyon nan naka ne ya kawo mu nan!"

Ya dube ta, ya dube ni. Sai ya sunkuya ya naɗe ƙafar wandonsa ta hagu. Tabon nan ne da na sani, baƙi, mai sheƙi, a saman idon sawu.

"Mi na ce maki wannan?"

"Salansar babur."

"Kin taɓa ganin salansar da ta zagaye ƙahwa?"

Na kalli tabon. Na sha shafa masa mai a wurin in sanyi ya sa yana masa ƙaiƙayi. Zobe ne cikakke, ya zagayo ya haɗe. Ban taɓa tambayar kaina ba.

"Sarƙa ce," ya ce.

Na saki hannun akwatin.

"Kin tuna daminar da ta gabaci aurenmu? Da anka ce maki na tahi Damagaram sayen wake, wai can babu sabis?"

"Na tuna. Har na yi fushi na ce a mayar maka da kayanka."

"Ina daji. A hanyar Gangara 'yan bindiga sunka tare ni."

Yaya Bilki ta rufe fuska da mayafi.

"Ba dukan ne ya zauna mani a rai ba, Ummu. Duka yana warkewa. Ranar da sunka kai ni, babbansu ya zaunar da ni a gindin wata bishiya ya ba ni labarin kaina. Ya ce ranar Sallah hwarar shadda ka sa, da agogo mai ruwan zinariya. Ya hwaɗi sahun da na tsaya a Idi. Ya hwaɗi telan da ya yi ɗinkin. Mutumin da bai taɓa taka cikin Jibiya ba. Wani ne zaune cikinmu yana kallo yana kai masu. Har yau ban san ko wane ne ba. Mai yiwuwa da shi nake shan shayi kullum a ƙohwar gidan nan."

Na tuna majalisar safe. Na tuna "Ango! Ango!" Na fara ƙoƙarin tuno fuskokin da ke wurin, kowace na tuno sai in ga kamar ita ce.

"Da za su sake ni," ya ci gaba, "ya dahwa kahwaɗata ya ce, je ka, Abdulbaƙi. In ka sake yin ƙiba za mu ji."

Can waje wani mai ruwa yana ta buga jarka.

"Shi ya sa na bar gari ya ɗauka na karye. Kayan da nake lodi, da sunan wani ake loda su. Duk abin da kika ba ni, ƙetare nake kai shi, inda ba mai haɗa shi da ni. Agogon nan sai da na kwana ina kallonai kahin in bayar."

"Kawu fa? Ya sani ya sa maka rigar?"

"Kawu ya san an ɗauke ni. Bai san abin da anka ce mani ba. Daga ni sai Yaya."

"Ni fa? Ni wace ce a gidan nan?"

"Da babanki ya ji, zai ba ni ke ki zo ki zauna Jibiya?"

Mu duka mun san amsar.

"To bayan auren? Shekara uku, Abban Fati. Muna kwana ɗaki ɗaya."

"Bayan auren na ga kina barci." Ya sauke ƙafar wandon a hankali. "Ni ba na yi. Sai na ce a bar mutum ɗaya a gidan nan ya riƙa barci."

Ban yi kuka a gaban ƙawayena ba, ba zan fara yau ba.

"Ba ka kyauta mini ba. Ka bar ni ina yaƙi da abin da ban sani ba. Wannan maganar ba ta ƙare ba."

Na miƙa masa wayar.

Lambar Kalilu ta Nijar ce. Ya danna, ya yi kuskure, ya goge ya sake. Matar kamfanin waya ta yi ta surutu da Faransanci. Ya sake kira, ita ce dai. Ya kira tasa wayar. Ta shiga, ta yi ta ƙara, ba a ɗauka ba.

"Mai yiwuwa yana bisa babur ne bai ji ba," in ji Yaya Bilki. "Ka san Kalilu da gudu."

"Da rarrahe yake tahiya da yanzu ya isa Mazanya."

"Bari in kira Safiyatu, ai maƙwabtan gidan angon ne."

Ta zaro tata wayar daga lalita, ta matsa gefe. Muna jin rabin maganar. An wuni lafiya. Ya yara. Wani baƙo ya kawo goro daga Gangara? Mai babbar riga ruwan bula, a jan babur? Ta yi shiru tana saurare. Na ga ta dafa bango.

"Mi ta ce?" in ji Abdulbaƙi.

"Ba wanda ya zo. Suna nan suna jiran goron."

"Sai kuma mi? Yaya, na ga bakinki bai ruhe ba."

"Wai masu babura sun juyo daga hanya ɗazu. Ba su hwaɗi dalili ba, kowa dai ya shige gida."

Abdulbaƙi ya nufi zaure. Yaya Bilki ta riga shi, ta baje hannuwa a bakin ƙofa.

"Ina za ka?"

"In bi hanyar."

"Da mi? Da silihwas? Sai dai ka bi ta kaina."

"Ɗan Kawu ne, Yaya! Rigata ce a jikinai! Ina kallo ya cire ta, na ji daɗi! Na san abin da ke cikinta na bar shi ya ɗauka!"

"Rigata ce," na ce. "Ni na ɗinka."

Suka juyo suka kalle ni. Ban sunkuyar da kai ba.

Hayaniyar ta tashi Fati daga barci. Ta fito tana murza ido, ta wuce ni, ta je ta rungume ƙafar babanta, ta hagun. Ya tsaya cak. Ya zauna a kan turmi ya ɗora ta a cinya, ya ajiye wayata a kan tabarma a tsakiyarmu.

Muka zauna muna kallon waya.

Aka kira la'asar a masallacin layi. Ba wanda ya motsa. Ina jin 'yan majalisa suna shimfiɗa tabarmarsu a waje, ana jan benci, wani yana dariya. Kullum nakan ji wannan dariyar in ji gida ya cika. Yau kowace murya na ji sai in tambayi kaina, kai ne?

Na fara roƙon Allah abin da ban taɓa zaton zan roƙa ba. Allah ka sa Kalilu ya faɗi a kwata rigar ta lalace. Allah ka sa wani taubashin ya ƙwace ta a hanya. Allah ka sa ya shigo yanzu yana ihun matata 'yar lakwal, wallahi zan amsa, har fura zan dama masa.

Wayar ta haska.

A kan gilashin an rubuta: Abban Fati.

Ga Abban Fati a gabana a kan turmi.

Ya kai hannu. Yaya Bilki ta cafke wuyan hannunsa.

"A'a. In Kalilu ne, kowa ya ɗauka daidai ne. In su ne, sun san muryarka." Ta dube ni. "Ummu. Ke."

Na ɗauka. Na buɗe murya yadda kowa zai ji. Na daidaita numfashina kamar zan shiga aji.

"Salamu alaikum."

"Wa alaikumus salam." Muryar namiji ce, a kwance, ba gaggawa, kamar mai tambayar farashin gero. Ana jin iska da kukan shanu a bayansa. "Hajiya ce? Matar Abdulbaƙi mai hatsi?"

Na ga jinin fuskar mijina ya ɗauke. Ya san muryar. Ya sauke Fati daga cinyarsa ba tare da ya sani ba.

"Ni ce."

"To madalla. Maigidan ya zo mana baƙunta. Riga ta yi kyau, Hajiya. An ce ke kinka yi mai."

An ce. Maganar da Kawu ya faɗa da safe a ƙofar gidana, ga ta ta riga mu isa daji.

"Ga shi ku gaisa."

Aka yi ta kokawa da wayar. Sai numfashi, mai nauyi, kamar na wanda ya sha gudu.

"Matata..."

Kalilu ne. Karo na farko bai ƙara da 'yar lakwal ba.

"Matata, ni ne. Ni ne Abdulbaƙi. Ki kula da Fati. Ki ce ma kowa ya zauna gida. Kin ji? Kowa. Kada wanda ya hito."

Na gane. Ba da ni yake ba, da taubashinsa yake.

Abdulbaƙi ya yunƙura zai yi magana. Yaya Bilki ta danne bakinsa da tafin hannunta, ta rungume kansa a ƙirjinta da dukan ƙarfinta. Hawayensa suna bin yatsunta.

Shekara uku Kalilu yana kirana matarsa ina ɗauke kai.

"Na'am, maigida," na ce. "Na ji."

Aka fizge wayar.

"Hajiya, kin ji shi. Mijinki ne?"

Na kalli akwatina a tsakar gida. Na kalli Fati tana jan rigar babanta. In na ce ba shi ba ne, ban san abin da za su yi wa baƙon da ba su nema ba. In na ce shi ne, ban san inda ƙaryar za ta kai mu ba.

"Mijina ne."

"Kin tabbata?"

"Na ce maka mijina ne. Akwai matar da ba ta san muryar mijinta ba?"

Ya yi 'yar dariya, gajera.

"To ai nan ne ban gane ba, Hajiya. Wancan zuwan mun bar mai shaida a ƙahwar hagu. Da hannuna na ɗaura. Wanga kuwa na ɗaga wandonai, ƙahwa sumul kamar ta jinjiri."

Na kalli ƙafar hagun mijina.

"Hajiya? Kina ji na?"

"Ina ji."

"Ɗan miƙa ma na kusa da ke wayar. Ina jin numhwashinai."